Abin da Mai Manhaja Ya Daina Gani: Bayanin Girkawa da Matsalar Laburarorin da Ba Sa Nan

Tsakure

Mutum zai sauke ɗanyen rubutun wata manhaja, ya bi bayanin girkawa layi bayan layi, sai aikin ya cije a kan wani laburare da ba a taɓa ambata masa ba. Wannan maƙala ta bibiyi yadda hakan ke faruwa, musamman a Linux da danginsa. Ta nuna matakan da ake neman laburare a cikinsu yayin gini, da yadda sunansa ke sauyawa daga wani gidan Linux zuwa wani, da yadda shekaru ke lalata bayanin da a jiya yake daidai. Ta kuma jingina da wasu bincike uku da aka wallafa tsakanin 2014 da 2019. Matsayin maƙalar shi ne, tushen wahalar yana cikin kwamfutar marubucin manhajar, wadda ta tara kayan da shi kansa ya daina ganinsu, kuma bayanin girkawa ba zai inganta ba sai an riƙa gwada shi a kan kwamfutar da babu komai a cikinta.

Gabatarwa

Tsawon shekaru, gina manhaja a duniyar Unix bai wuce umarni uku ba: ./configure, sai make, sai make install. Stuart Feldman ne ya rubuta make a Bell Labs a 1976. David MacKenzie kuma ya soma Autoconf, wadda ke samar da fayil ɗin configure, a 1991. Daga baya CMake ta zo a 2000, Meson ta biyo baya a 2013, harsuna irin su Python da JavaScript da Rust kowanne ya fito da nasa manajan ƙunshi. Kayan aikin sun sauya sosai, amma ƙorafin yana nan yadda yake. Har yau ɗalibi ko mai bincike zai buɗe fayil ɗin README ko INSTALL, ya ga layi uku ko huɗu da ke cewa abin mai sauƙi ne, ya buga na farko, sai allo ya cika da rubutun da ya ƙare da kalmar error.

Kusan babu manhajar da ke tsaye da ƙafarta ita kaɗai. Wadda ke matse fayil tana jingina da zlib, laburaren da Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1995. Wadda ke magana da intanet a asirce tana jingina da OpenSSL. Wadda ke nuna hoto tana neman libpng ko libjpeg. Waɗannan su ne madogaran manhaja, kuma su ma suna da nasu madogaran. Aikin bayanin girkawa shi ne ya gaya wa baƙo abin da zai tanada kafin ya sa hannu. A nan ne ake yawan gazawa, kuma gazawar tana da tsari da za a iya bin diddiginsa.

Wuri uku da laburare ke ɓacewa

Abin da ya fi rikita sabon shiga shi ne, laburare ɗaya ana nemansa sau uku, kowane karo kuma wani fayil dabam ake nema. Mu ɗauki zlib a kan Debian ko Ubuntu.

Da farko kwamfaila tana karanta ɗanyen rubutun, ta ci karo da layin da ke kiran zlib.h. Wannan fayil ɗin heda ne. Babu aikin laburaren a cikinsa, sunayen ayyukan ne kawai da irin abin da kowanne ke karɓa. Idan babu shi, kwamfaila za ta tsaya ta ce fatal error: zlib.h: No such file or directory. In an wuce nan, sai mai haɗa guntayen, wato linka, ta nemi fayil mai suna libz.so. Idan babu, saƙon ya zama cannot find -lz. In an wuce wannan ma, an gama gini lafiya, to ranar da za a kunna manhajar wani fayil ɗin ake nema, libz.so.1, mai ɗauke da lamba a ƙarshe.

Debian ta raba waɗannan fayiloli gida biyu. Ƙunshin zlib1g yana ɗauke da libz.so.1, wanda ake buƙata wajen kunnawa, kuma kusan kowace kwamfuta tana da shi tun ranar da aka girka ta, domin manhajojin tsarin kansu suna amfani da shi. Ƙunshin zlib1g-dev shi ke ɗauke da heda da libz.so da kuma ɗan fayil ɗin zlib.pc da pkg-config ke dubawa. Wannan na biyun ba ya zuwa da kansa. To, ku dubi halin da mai girkawa ke shiga. Bayanin ya ce masa ana buƙatar zlib. Ya tambayi manajan ƙunshinsa, an amsa masa cewa zlib yana nan, sabuwar siga ma. Ya sake buga ./configure, an sake ce masa babu zlib. Duka amsoshin biyu gaskiya ne, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta gaya masa cewa maganar heda ake yi. Mutum na iya kwana a wannan wuri.

Rabawar tana da hujjarta. Mafi yawan masu amfani da kwamfuta ba za su taɓa gina komai ba, don haka babu dalilin cika musu faifai da fayilolin heda. Sai dai ba kowane gida ne ke rabawa ba. Arch Linux, misali, ta saba haɗa laburare da hedarsa a ƙunshi ɗaya. Marubucin da ke aiki a kan Arch zai rubuta cewa ana buƙatar zlib, kuma a wurinsa maganar ta cika, domin bai taɓa ganin matsalar da idonsa ba.

Mataki na uku yana da nasa tarkon. Idan mutum ya gina laburare da hannunsa, make install kan ajiye shi a /usr/local/lib. Tsarin Linux kuwa yana riƙe da jerin wuraren laburarori a wata ma'ajiya da ba ta sabunta kanta, sai an buga ldconfig. A wasu gidajen ma ba a duba /usr/local/lib ɗin sai an ƙara shi da hannu. Sakamakon shi ne a ce maka cannot open shared object file, alhali fayil ɗin yana nan kana kallonsa. Bayanin girkawa kaɗan ne ke ambaton wannan umarni mai kalma ɗaya.

Akwai wanda ya fi duk waɗannan muni, wato ginin da ke ƙarewa lafiya alhali da rauni a cikinsa. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne gina Python kanta daga ɗanyen rubutu. Idan babu hedar OpenSSL ko SQLite ko libffi a kwamfutar, ginin ba ya tsayawa. Yana tsallake sassan da suka dogara da su, ya ambaci hakan a wasu 'yan layuka kusa da ƙarshe, a tsakiyar dubban layukan da babu mai karantawa, ya ci gaba. Mutum ya girka, ya kunna, komai daidai. Sai ranar da ya buga pip install a ce masa babu sashen ssl, ko wata manhaja ta faɗi da No module named '_ctypes'. Tsakanin musabbabin da alamar an samu tazarar kwanaki, kuma babu abin da ke cikin saƙon da ke nuna cewa libffi-dev ne ba a saka ba tun farko. Maganinsa kuwa sai an koma an sake ginin gaba ɗaya.

Laburare ɗaya, sunaye barkatai

Ko da marubuci ya san maganar heda, sunan da zai rubuta wani aiki ne. Hedar OpenSSL a Debian libssl-dev ce, a Fedora openssl-devel, a Alpine openssl-dev. Ta Python a Debian python3-dev, a Fedora python3-devel, kuma rashinta ne ke haifar da sanannen saƙon nan na Python.h. Wanda ya so gina psycopg2, hanyar da Python ke magana da PostgreSQL, za a ce masa ba a ga pg_config ba. Babu ƙunshin da ake kira haka. A Debian abin da zai saka shi ne libpq-dev, sunan da bai yi kama da wanda aka nema ba ko kaɗan.

A kan macOS lamarin ya sake salo. Apple ta daina kawo hedar OpenSSL tun 2015, don haka jama'a suka koma Homebrew. Homebrew kuma tana ajiye kayanta a /usr/local a kan kwamfutoci masu Intel, amma a /opt/homebrew a kan masu injin Apple da suka fara fitowa a 2020. Duk bayanin da ya rubuta hanyar farko kai tsaye ya daina aiki ga rabin masu karanta shi. A Windows kuwa, mai son girka ƙunshin Python da ke da sashen C sai a ce masa ana buƙatar Microsoft Visual C++, wanda sauke shi kaɗai aiki ne na gigabait da yawa.

Ba zan tsawaita a nan ba, domin matsalar a bayyane take. Abin lura kawai shi ne, manajan ƙunshi na kowane harshe yana iya bayyana madogaran da ke cikin harshensa, amma idan aka zo kan laburaren C da ke ƙarƙashi sai ya yi shiru. A R akwai gurbi mai suna SystemRequirements, amma rubutu ne na zube da marubuci ke cikawa yadda ya ga dama. A Python sai a 2023 aka gabatar da shawarar PEP 725 domin samar da hanyar bayyana irin waɗannan madogara na waje. Wannan gibi tsakanin harshe da tsarin da yake zaune a kai shi ne inda mafi yawan mutane ke faɗawa.

Bayani yana tsufa

Bayanin girkawa ana rubuta shi sau ɗaya, ranar da aka fitar da manhaja, sannan a manta da shi. Ƙasar da yake tsaye a kai kuwa tana ta motsi.

OpenSSL 3.0 ta fito a watan Satumba na 2021. Ubuntu 22.04, wadda ta fito a Afrilun 2022, ta koma kanta ta bar siga 1.1. Duk manhajar da aka gina a baya tana neman libssl.so.1.1 sai ta ƙi tashi. Python 2 ta kai ƙarshen rayuwarta a ranar 1 ga Janairu, 2020, kuma Ubuntu 20.04 ta zo ba tare da umarnin python ba, sai python3. Bayanin da ke cewa a buga python setup.py install ya mutu tun a kalmar farko. Python 3.12, a Oktoban 2023, ta cire distutils, wanda tsofaffin ƙunsosi masu yawa ke kira. Debian 12 kuma, a 2023 ɗin, ta fara hana pip rubutu cikin Python ta tsarin, tana mayar da saƙon externally-managed-environment. Dubban bayanai da ke cewa kawai a buga pip install sun zama ba daidai ba a dare ɗaya, ba tare da an taɓa musu harafi ba.

Kwamfaila ma tana ƙara tsanani. GCC 10, a 2020, ta sauya yadda take ɗaukar sunan da aka ayyana a fayiloli da yawa, tsofaffin rubuce-rubucen C suka fara faɗuwa da multiple definition. GCC 14, a 2024, ta mayar da wasu abubuwan da a da gargaɗi ne kawai suka zama kuskure mai tsayar da gini.

Wani lokaci madogara sabuwa ce ke tsirowa. A Fabrairun 2021 ƙunshin cryptography na Python, wanda manhajoji da yawa ke jingina da shi ba tare da sun sani ba, ya fara buƙatar kwamfailar Rust a siga 3.4. Wanda ke samun ƙunshin a gine bai ji komai ba. Wanda tsarinsa ke tilasta masa gini daga ɗanyen rubutu, kamar masu Alpine a lokacin, ya wayi gari ana nemansa da wani harshe da bai taɓa girkawa ba. Wani lokaci kuma madogarar ce ke ɓacewa ɗungurungum. A Maris na 2016 marubucin left-pad, ɗan ƙunshi mai layuka 11, ya janye shi daga npm, gine-ginen manyan ayyuka irin su Babel suka tsaya har sai da aka mayar da shi.

Abin da bincike ya nuna

Za a iya cewa wannan matsalar sababbin shiga ce. Alƙaluman da ake da su ba su goyi bayan haka ba. A 2014, Hyunmin Seo da abokan aikinsa sun gabatar da nazarin gine-gine miliyan 26.6 da injiniyoyin Google suka yi. Sun gano cewa fiye da rabin kurakuran gini, a C++ da Java duka, suna da alaƙa da madogara. Waɗannan ƙwararru ne, a kamfanin da ke da tsarin gini nasa na musamman.

Christian Collberg da Todd Proebsting na Jami'ar Arizona sun bi takardu 601 da aka wallafa a tarurruka da mujallun ACM, suka nemi manhajar da ke bayan kowace, suka gwada ginawa. A rahoton da suka wallafa a 2016, cikin takardun da sakamakonsu ya dogara da manhaja, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka samu rubutunsu aka kuma gina cikin minti 30. Ko da aka ƙara ƙoƙari, adadin bai kai rabi ba. Masana kimiyyar kwamfuta ne suka rubuta waɗannan manhajoji.

A 2019 Serghei Mangul da abokansa sun wallafa a PLOS Biology gwajin girka manhajoji 98 na nazarin ƙwayoyin halitta. Kashi 51 cikin ɗari ne suka girku cikin sauƙi, kashi 28 kuwa sun ƙi girkuwa sam. A nan maganar ta wuce ta ɓata lokaci. Sakamakon binciken da ba a iya kunna manhajarsa sakamako ne da ba a iya tantancewa, kuma wannan ya taɓa ginshiƙin aikin ilimi.

Kwamfutar marubuci

Ban yarda cewa marubutan manhaja suna ɓoye bayani da gangan ba, ko kuma cewa duk malalata ne. Abin da ke faruwa ya fi haka sauƙi, ya kuma fi wuyar magani. Kwamfutar mai rubuta manhaja ta shekara uku ko biyar tana tara kaya. Ya saka build-essential ranar da ya saye ta. Ya saka libssl-dev saboda wani aiki da ya manta da shi. Wani ƙunshi ya jawo masa pkg-config a bayan fage. Ya taɓa gyara PATH a fayil ɗin da bai sake buɗewa ba. Ranar da ya zauna rubuta bayanin girkawa, abin da zai tuna shi ne abin da ya ba shi wahala kwanan nan. Sauran duk sun zama kamar ɓangaren kwamfutar ne. Haka uwargida ke yi idan tana gaya wa amarya yadda ake miyar kuka: za ta ambaci kuka da nama da daddawa, ba za ta ambaci gishiri ba, domin ba ta taɓa shiga madafinta ta tarar babu shi ba.

Shi ya sa idan aka kai masa ƙorafi amsarsa ta gaskiya ita ce, a wurinsa yana aiki. Ba ƙarya yake yi ba. Kuma komai yawan karanta bayanin da zai sake yi, ba zai ga gibin ba, tunda idonsa yana cike gurbin da abin da ke kwamfutarsa.

Wanda ke ɗaya gefen kuma yana ɗora laifin a kansa. Wannan ne ya fi damuna a matsayina na mai koyarwa. Ɗalibin da ya ga an rubuta cewa girkawa abu ne mai sauƙi, shi kuma ya kasa, ba ya cewa bayanin ne ya gaza. Cewa yake yi shi ne bai iya ba. A wurarenmu akwai ƙarin nauyi, domin kowane gwaji kuɗin data ne, kuma ginin da ke cin awa biyu na iya katsewa idan aka ɗauke wuta. Bayanin da ke bayyana madogara ɗaya bayan ɗaya, ta hanyar faɗuwa sau shida, ya fi tsada ga mai sayen data a waya fiye da wanda ke zaune a ofis mai intanet kyauta. Wasu daga nan suke barin aikin, kuma babu wanda ke ƙidaya su.

Waɗanda ba su bari ba sukan faɗa hannun magungunan da suka fi cutar illa. Wani zai ƙirƙiri mahaɗi ya sa wa libssl.so.3 sunan libssl.so.1.1 domin saƙon ya tafi, alhali lambar nan an sa ta ne domin ta shaida cewa sigogin biyu ba sa jituwa. Wani zai sauke tsohon ƙunshin libssl1.1 daga wani wuri ya cusa, laburaren tsaro da masu shi suka daina yi wa gyara kyauta tun Satumban 2023. Wani zai sa sudo a gaban pip, ya danne fayilolin da tsarin kansa ke amfani da su. Duk wannan ɗabi'a ce da mummunan bayani ke koyarwa: a buga duk abin da aka gani har jan rubutun ya ɓace. Haɗarin rashin fahimtar abin da ke gudana a lokacin gini ya fito fili a Maris na 2024, lokacin da Andres Freund ya gano ƙofar baya da aka dasa a manhajar xz. Wani ɓangare na dabarar yana ɓoye ne cikin rubutun gini na ƙunshin da aka saki, wurin da kusan babu mai leƙawa.

Ɗakin da babu komai

Abin sha'awa shi ne, gidajen Linux sun daɗe da gano maganin, sai dai bai yaɗu zuwa ga marubuta ɗaiɗaiku ba. Kowane ƙunshin Debian yana da gurbin Build-Depends, na Fedora kuma BuildRequires. Abin da ya ba waɗannan gurabe ƙarfi shi ne yadda ake gwada su. Kayan aiki irin su sbuild da pbuilder a Debian, da mock a Fedora, suna buɗe tsari fayau mai ɗauke da mafi ƙarancin kaya, su saka abin da aka lissafa kawai, su yi ginin. Idan mai ƙunshin ya manta laburare ɗaya, ginin zai faɗi a gabansa tun kafin ya isa ga kowa. Tunaninsa bai shiga lissafi ba. Nix, wadda Eelco Dolstra ya soma a 2003, da Guix da ta biyo ta a 2012, sun kai wannan tunani ƙarshe: gini ba ya iya ganin komai sai abin da aka ayyana masa.

Wannan aiki na gidajen Linux yana da amfani kai tsaye ga mai girkawa, kuma abin takaici ne yadda ba a koyar da shi. Idan manhajar tana cikin rumbun Debian, ko da tsohuwar siga ce, apt build-dep zai sako dukkan madogaran gininta a umarni ɗaya, muddin an kunna layukan deb-src. A Fedora dnf builddep ke yin haka. Idan sunan fayil kawai aka sani, apt-file search ko dnf provides za su faɗi ƙunshin da ke ɗauke da shi. Umarnin ldd kuma yana jera laburarorin da manhaja ke nema wajen tashi, ya nuna wanda ba a samu ba. Ina ganin waɗannan sun cancanci darasi guda a shekarar farko ta karatun kwamfuta.

Docker, tun fitowarta a 2013, ta zama amsar da ake saurin bayarwa. Ra'ayina a kanta ya rabu. Fayil ɗin Dockerfile bayanin girkawa ne da inji ke bi daga tsari fayau, don haka ba ya iya tsallake mataki, kuma sau da yawa ya fi README gaskiya. Duk wanda ya rasa gane madogaran wata manhaja, ya buɗe Dockerfile ɗinta in tana da shi. Amma idan aka ce wa mutum ya sauke kwantena kawai ya daina tambaya, an lulluɓe matsalar ne. An ɗora masa ɗaruruwan megabait, wani lokaci gigabait, an kuma daskarar da tsofaffin laburarori tare da raunukansu. Dockerfile ɗin da bai ƙayyade sigar tushensa ba shi ma yana ruɓewa kamar kowane bayani. Haka ƙunsosin Python da aka riga aka gina, waɗanda ƙa'idar manylinux ta 2016 ta sauƙaƙa rabawa, sun rage wahala ƙwarai, amma ranar da babu wanda ya dace da injin mutum ko sigar Python ɗinsa, pip na komawa gini daga tushe ba tare da sanarwa ba, sai tsohuwar matsalar ta dawo wa mutumin da bai ma san yana gini ba.

Abin da nake kira gare shi bai kai girman waɗannan ba. Marubuci ya ɗauki bayanin girkawarsa kamar yadda yake ɗaukar rubutun manhajar, wato abin da ake gwadawa. Ya buɗe kwantena ko kwamfutar gwaji fayau, ya kwafi umarnin daga README harafi da harafi, ba daga kansa ba. In yana da tsarin gwaji mai gudana da kansa, ya sa shi ya riƙa yin haka lokaci-lokaci ko da ba a taɓa rubutun ba, tunda mun ga ƙasa na motsi ko manhaja na zaune. Ya rubuta sunan tsarin da sigar da ya gwada a kai da kuma ranar gwajin. Layi ɗaya da ke cewa an gwada a Debian 12 ya fi shafi guda na alkawarin cewa yana aiki a ko'ina. Ya ba da cikakken umarnin saka madogara ga gida ɗaya ko biyu, da ainihin sunayen ƙunsosin, ya kuma faɗi wanne ne tilas, wanne ne na zaɓi, da abin da za a rasa in babu shi. Ya ambaci girman abin da za a sauke.

Saƙon kuskure ma bayani ne, kuma shi ne kaɗai bayanin da tabbas za a karanta. Rubutun gini da ya kasa samun pg_config yana iya ƙara jimla ɗaya da ke ambaton libpq-dev. Wanda ya tsallake wani sashe yana iya faɗin haka a layin ƙarshe, inda ido ke sauka. Ya fi kyau kuma ya duba dukkan madogara ya jera waɗanda babu a karo ɗaya, maimakon ya tsaya a kan na farko.

Ga jami'o'i da mujallu akwai misalan da za a bi. Wasu tarurrukan injiniyancin manhaja sun fara tantance manhajar da ke tare da takarda tun 2011, kuma Journal of Open Source Software, wadda aka kafa a 2016, tana sa mai bita ya girka manhajar da kansa bisa bayanin da aka bayar kafin a karɓi takarda. Sassan kimiyyar kwamfuta namu na iya yin irin wannan ba tare da kashe ko kwabo ba. Kafin ɗalibi ya kare aikinsa na kammala digiri, a miƙa rubutunsa da bayanin girkawarsa ga wani ɗalibin, a ba shi kwamfuta fayau, a hana marubucin magana ko taɓa madannai. Duk inda aikin ya tsaya a rubuta, a mayar wa mai shi ya gyara bayanin, a sake gwadawa, kuma a ware wa wannan mataki makinsa a cikin sakamakon.